Karayar ƙashin hannu: Yadda ake gane ta da yadda ake ɗora ta

Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, ƙasusuwa 27 ne a hannun ɗan Adam: takwas a wuyan hannu, biyar a tafi, 14 a yatsu. Kowanne na iya karyewa. A Fagge da Sabon Gari, inda ɗan dako da bakanike da direban a-daidaita-sahu ke ci da guminsu, hannun da ya lalace sana'a ce ta tsaya.

Karayar da aka fi gani a tafin hannu ita ce ta ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa, wadda naushin abu mai tauri ke jawowa. Likitoci na kiranta karayar ɗan dambe, kuma wanda ya taɓa kallon wasa a gidan damben Ado Bayero Square zai gane dalilin sunan. Alamarta ita ce gaɓar da ta saba tasowa idan an dunƙule hannu sai ta lotsa.

Kumburi da zogi da taruwar jini su ne alamomin farko, amma targaɗe ma yana zuwa da su. Shi ya sa maganar nan ta cewa "tunda yatsan na motsi bai karye ba" take yaudarar mutane, domin karyayyen yatsa yakan motsa. Likita zai sa majinyaci ya dunƙule hannu. Idan yatsa ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa, ƙashin ya murɗe, kuma murɗewa ba ta gyara kanta. Daga nan sai a ɗauki hoton ƙashi ta fuskoki biyu ko uku.

Akwai karayar da hoton farko kan rasa. Wani ɗan ƙaramin ƙashi ne a wuyan hannu, a gindin babban yatsa, mai karyewa idan mutum ya faɗi ya dogara da tafinsa. Jini ba ya isarsa sosai, don haka idan aka yi sakaci yana iya ƙin haɗewa, ciwon gaɓa ya biyo baya bayan shekaru. Saboda haka idan wurin na zafi in an danna, akan ɗaure hannun tamkar an tabbatar da karayar, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14.

Kafin a isa asibiti, a cire zobe tun kumburi bai kama shi ba, a ɗaga hannun sama, kada a ja yatsa da sunan miƙe shi. Idan fata ta fashe, musamman in haƙorin wani ne ya yanke ta wajen faɗa, ana buƙatar wanki a asibiti da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus a ranar.

Yawancin karayar hannu ba ta buƙatar tiyata. Idan ƙashin bai goce ba, akan haɗa yatsan da na kusa da shi a naɗe, ko a sa filasta na mako uku zuwa shida. Wanda ya goce, ko ya shiga gaɓa, akan daidaita shi a soke da siraran wayoyi, ko a ɗaure da ƙarfe da kusoshi. A Kano, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, shi ne cibiyar wannan aiki, sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad.

Duk da haka, mutane da yawa gidan masu ɗori suke fara zuwa, saboda sauƙin kuɗi da kusanci da kuma yarda da aka gada. Sana'a ce mai tarihi, amma mai ɗori ba ya ganin cikin hannu, kuma babban haɗarin yana wajen ɗaurin. Idan aka matse karan ɗori a kan hannun da ke ƙara kumbura, jini na iya yankewa, naman ya ruɓe, har a kai ga yanke hannun. Yatsun da suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka daina ji, ko zogin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, duk suna nufin a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti. Wannan ya shafi filastar asibiti ma.

Bayan ƙashi ya haɗe, sauran aikin na masu gashin ƙashi ne. Yatsun da suka daɗe a ɗaure kan sandare, kuma dawo da lanƙwasarsu na iya ɗaukar lokacin da ya fi na ɗorin kansa.