Tseren La Marmotte: Abin da Mahayin Keke Zai Auna Kafin Ya Yi Rajista

Kowace shekara, a tsakiyar bazarar Turai, dubban mutanen da hawan keke ba sana'arsu ba ce suna taruwa da sassafe a garin Bourg d'Oisans da ke tsaunukan Alps na ƙasar Faransa. A cikinsu akwai malamai, akantoci, direbobi da tsofaffin ma'aikata. Abin da ya tara su shi ne La Marmotte, tseren 'yan sha'awa da aka fara a 1982. Tsawon hanyar kimanin kilomita 174 ne, kuma idan aka tattara duk hawan da ke cikinta zai kai wajen mita 5,000. Ana buɗe rajista watanni da dama kafin ranar, saboda haka mutum yana yanke shawara ne a lokacin hunturu, yana zaune a ɗaki, game da wahalar da jikinsa zai sha a tsakiyar zafi. Nan ne kuskure ke shiga, domin mafi yawan masu shawara suna kallon nisan hanya, alhali nisan ne abu mafi sauƙi a cikin lissafin.

Wanda ya saba zai iya cin kilomita 174 a shimfiɗaɗɗiyar hanya cikin awa shida ko bakwai, musamman idan yana cikin ayari, na gaba suna tare masa iska. A kan tudu wannan gata yana gushewa. Idan gudu ya ragu zuwa kilomita goma a awa, iska ba ta da wani tasiri sosai, kusan duk ƙarfin ƙafa yana tafiya ne wajen ɗaga nauyi sama. Mahayin da shi da kekensa da gorunan ruwansa suka kai kilo 80, ɗaga wannan nauyi mita 5,000 kawai yana cin aikin da ya kusa kilojul 3,900. Jikin ɗan Adam kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya ƙona ne ke komawa motsi, saura zafi ne. Ke nan hawan kaɗai zai laƙume kalori kusan 3,900, ban da sauran tafiya. Ajiyar sukarin da ke cikin tsoka da hanta ba ta cika wuce kalori 2,000 ba. Dole a cike giɓin da kitsen jiki da kuma abin da aka ci a kan sirdi, shi ya sa masana abincin 'yan wasa ke ba da shawarar giram 60 zuwa 90 na sitaci da sukari a kowace awa. Cin wannan adadi awa bayan awa, cikin zafi da haki, shi ma sai an horar da ciki ya saba da shi. Mahaya da yawa cikinsu ne ke fara ƙin abinci tun ƙafafunsu ba su gaza ba.

Jerin tsaunukan ma yana da nasa makirci. Na farko shi ne Glandon, mita 1,924, wanda ake hawa da ɗanyen jiki da zumuɗi, kuma a nan mutane ke kashe ƙarfin da za su nema da yamma su rasa. Daga kwarin Maurienne sai a kama Télégraphe, mita 1,566, a ɗan gangara kaɗan zuwa ƙauyen Valloire, nan take kuma Galibier ya fara. Kusan kilomita talatin ke nan na hawa, hutun da ke tsakani bai taka kara ya karya ba. Ƙololuwar Galibier mita 2,642 ce, ta ɗara Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Najeriya. A can nauyin iska bai wuce kashi uku cikin huɗu na wanda ake samu a bakin teku ba, don haka ƙarfin da mutum ya auna a gida ba zai same shi cikakke ba. Zafi kuma yana raguwa da kusan digiri shida da rabi a duk mita dubu, wanda ya jiƙe da gumi a ƙasa zai iya isa sama yana rawar ɗari, ga doguwar gangara tana jiransa.

Amma a ganina, shawarar shiga ko fasawa tana rataye ne a kan kilomita 13.8 na ƙarshe, wato Alpe d'Huez. Hawan yana da kwana 21, kowace da allo mai lamba, ana ƙirgawa daga 21 a ƙasa zuwa 1 a sama, a jikin allunan kuma an rubuta sunayen waɗanda suka taɓa lashe wannan zango a gasar Tour de France, tun daga Fausto Coppi a 1952. Matsakaicin tsayuwar hanyar kashi 8 cikin 100 ne, amma farkonta, kafin a kai ƙauyen La Garde, ya haura kashi 10. Marco Pantani ɗan Italiya ya haye shi a ƙasa da minti 38 a 1997. Shi kuwa mahayinmu mai kilo 80, idan zai iya riƙe ƙarfin taku na wat 200, zai ɗauki kamar awa ɗaya da minti ashirin. Idan gajiyar kilomita 160 ta sauko da shi zuwa wat 160, sai kusan awa ɗaya da minti arba'in, a cikin zafin la'asar, duwatsun gefen hanya suna maido masa da rana a fuska.

A irin wannan gudu na kilomita takwas a awa ne batun giya ke fitowa fili. Keken da ƙaramin farantinsa na gaba ke da haƙora 34, babban na baya kuma 28, zai tilasta wa mahayi juya feda sau 52 kacal a minti. Kowane taku sai ya danna da dukkan nauyinsa, keken yana lilo hagu da dama, gwiwa da ƙugu suna ɗaukar abin da ya kamata numfashi ya ɗauka. Idan aka canja na bayan zuwa mai haƙora 34, juyin zai koma sama da 60, ƙafa ta ɗan sarara. Wannan gyara ne mai araha, duk da haka girman kai yana hana wasu yin sa. Haka nan nauyin jiki: ƙarin kilo biyar a kan dukkan hawan ranar daidai yake da kusan minti ashirin ga mai wat 200. Mutum zai zuba maƙudan kuɗi ya rage giram ɗari biyar daga keke, ya manta da abin da ke jikinsa.

Akwai kuma gangara, wadda masu shawara ba su cika saka ta a sikeli ba, ko da yake ita ce mai iya halakarwa. Saukowa daga Glandon tana da ƙunci da kwanoni masu kaifi, kuma saboda haɗurran da aka yi a wurin, masu shirya tseren sun daina ƙirga lokacin wannan yanki don kada kowa ya yi gaggawa. Daga Galibier kuma, ta mashigar tsaunin Lautaret zuwa Bourg d'Oisans, akwai ramukan da aka fasa cikin dutse, inda ido ke fita daga hasken rana ya faɗa duhu. Wanda duk atisayensa a kan keken cikin ɗaki ya yi zai iya samun ƙarfin hawa, amma hannunsa bai koyi matsa birki kafin kwana da sakinsa a cikinta ba. Wannan ba a koyonsa ranar tsere a tsakiyar dubban mutane.

To wa ya dace ya shiga? Ban yarda da masu cewa kowa ya yi rajista kawai, wai kuɗin da ya biya zai tilasta masa atisaye ba. Kuɗi ba ya ƙara wa mako awanni. Abin dubawa shi ne ko mutum zai iya ware awanni da dama kowane mako na tsawon wata biyar ko shida, har da doguwar fita guda da za ta cinye rabin yini, kuma ko iyalinsa sun amince da hakan tun farko, don su ne za su biya rabin farashin. Wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da hawan jini, ko aka taɓa ciwon zuciya a gidansu, ya fara da likita. Ba banza ba a baya Faransa ta yi shekaru tana neman takardar shaidar lafiya daga masu shiga irin waɗannan gasanni.

Sannan akwai gwajin da ba ya ƙarya. Kamar wata biyu kafin ranar, mutum ya yi fita mai hawan mita 2,500 zuwa 3,000, yana ci yana sha kamar yadda zai yi a tseren, ya lura da yadda ya ji a awa ta ƙarshe. Idan ya gama yana iya cin abinci, hankalinsa a jikinsa lokacin gangara, to sauran rabin hanyar abu ne da za a iya ginawa. Idan kuwa ya sauka daga keke ƙafafu na karkarwa, zuciya na tashi, gara ya nemi gajeren tsere a wannan shekarar, ko ya je ya hau Alpe d'Huez shi kaɗai da sanyin safiya, ya ɗage La Marmotte zuwa baɗi.