Daga Addu'a Zuwa Wayar Tarho: Tarihin Gaisuwa a Harshen Ingilishi

Harshen Ingilishi ya yi kusan shekara 1,500 a tsibirin Birtaniya, amma kalmomin gaisuwar da aka fi saninsa da su a yau 'yan baya-bayan nan ne. "Hello" da "OK" duka a ƙarni na 19 suka bayyana, kuma a Amurka. Kafin su, gaisuwar Ingilawa addu'a ce da fatan lafiya, sai jarida da wayar tangarahu da tarho suka zo suka gajarta ta.

Ƙabilun Angul da Sakson da suka tsallako daga arewacin Turai a ƙarni na 5 suna gaisawa da "wes hal", wato ka kasance cikin lafiya. Daga wannan tushe na "hal" aka sami kalmar "health" ta yau. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, ya kuma bar wa Ingilishi "adieu", sallamar da ke nufin an bar mutum ga Allah. A ƙarnonin da suka biyo baya aka saba da gaisuwar lokaci, irin su "good morrow" da safe da "good day" da rana, waɗanda sau da yawa ake faɗa a cikin cikakkiyar addu'a cewa Allah ya ba mutum yini mai kyau.

"Goodbye" ma daga addu'a ta fito. Asalinta "God be with ye", ma'ana Allah ya kasance tare da ku. Saurin baki ya dunƙule kalmomin huɗu wuri ɗaya, kuma akwai shaidar haka a wata wasiƙa da malamin Kambirij Gabriel Harvey ya rubuta a 1573. Da tafiya ta yi tafiya, "God" ta koma "good" saboda kunne ya riga ya saba da "good day" da "good night". Mafi yawan masu furta ta a yau ba su san sunan Allah suke ambata ba.

Tambayar lafiya kuwa ta rarrabu bisa matsayi da yankin mai magana. A wurin manyan Ingila, "how do you do" ta daina zama tambaya: idan an gabatar da baƙo, ya faɗa, a maimaita masa, ba wanda ke jiran jin labarin jikin wani. A kudanci da yammacin Amurka, musamman Teksas, irin wannan tambaya ce ta lanƙwashe ta zama "howdy". Talakawan gabashin Landan su ma sun mayar da tsohuwar "what cheer" ta koma "wotcher".

"Hello" ba gaisuwa ba ce tun farko. Danginta, irin su "hollo" da "hallo", kira ne da ake ƙwalla wa mai kwalekwale a tsallaken kogi ko karnukan farauta, ko kuma furucin mamaki. Ta bayyana a rubuce a jaridar Norwich Courier ta jihar Konetikat a 1826. Tarho ne ya sauya mata aiki. Alexander Graham Bell, wanda ya yi rajistar na'urar a watan Maris na 1876, ya fi son a amsa waya da "ahoy", kiran ma'aikatan jirgin ruwa. Thomas Edison ya ga ba haka ba. A watan Agustan 1877 ya rubuta wa T.B.A. David, shugaban wani kamfanin tangarahu a Pittsburgh, cewa ba sai an sa ƙararrawar kira ba, domin ana iya jin "hello" daga nisan ƙafa 10 zuwa 20. Ra'ayin Edison ne ya yi rinjaye. An buɗe cibiyar haɗa layukan waya ta kasuwanci ta farko a New Haven a Janairun 1878, kuma kafin ƙarshen shekarun 1880 har an laƙaba wa 'yan matan da ke haɗa layi suna "hello girls". A 1918 rundunar sojan Amurka ta aika irin waɗannan mata fiye da 200 zuwa Faransa, yawancinsu masu jin Ingilishi da Faransanci, don su riƙe layukan fagen fama.

Labarin "OK" ya fi kowanne ban dariya. A ƙarshen shekarun 1830 'yan jaridar Boston sun shiga yayin taƙaita jimloli da haruffa, har ma su ɓata rubutun da gangan. Ranar 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta buga "o.k." a madadin "oll korrect", gurɓataccen rubutun "all correct", wato komai daidai. Sauran barkwancin yayin duk sun mutu, wannan kuwa siyasa ta cece shi. A zaɓen 1840 magoya bayan Shugaba Martin Van Buren, wanda ake wa kirari da "Old Kinderhook" saboda garin haihuwarsa, suka kafa ƙungiya mai suna O.K. Club a New York. Van Buren ya faɗi zaɓe, haruffan suka zauna. Ma'aikatan tangarahu suka riƙe su don nuna saƙo ya iso lafiya. An sha danganta kalmar da harshen Choctaw ko Wolof na Senegal, amma binciken da Allen Walker Read na Jami'ar Kolambiya ya wallafa a 1963 da 1964 shi ne akasarin masana suka karɓa.

Yayin da Ingilishi ya bazu ta hanyar mulkin mallaka da ciniki, kowace ƙasa ta sarrafa gaisuwar yadda ta dace da al'adarta. Ostireliya na da "g'day". A Ingila ta yau, aboki kan ce "alright?" a mayar masa da ita. A Najeriya, Turancin buroka ya samar da "how far?" da "how body?", sannan harsunan gida sun cusa nasu salon. "Well done" a Landan yabo ne ga wanda ya gama aiki da kyau, a Kano ko Ibadan kuwa gaisuwa ce ga wanda aka tarar yana tsakiyar aiki, daidai da "sannu da aiki". Haka "sorry": Bature ya fi amfani da ita wajen neman afuwa, shi ya sa yakan yi mamaki idan ya yi tuntuɓe ɗan Najeriya ya ce masa "sorry", alhali nufinsa "sannu". Aron bai tsaya a gefe ɗaya ba, domin Hausa ma ta ɗauki "halo" wajen amsa waya, da "oke" wajen nuna amincewa, kodayake da yawa sun fi son buɗe kira da sallama.