Dalilan da ke sa gina sabon filin wasan golf ke ƙara tsada

Wasan golf ya samo asali ne daga Sukotilan, inda filaye irin na St Andrews suka kasance tudun yashi a bakin teku, tumaki ne ke rage musu ciyawa. A yau kuwa, gina fili mai ramuka 18 aiki ne na miliyoyin daloli, kuma kaso mai yawa na kuɗin yana tafiya ne wajen biya wa 'yan wasa buƙatunsu.

Buƙata ta farko ita ce kyan gani. Tun da aka fara nuna gasar Masters a talabijin mai launi a 1966, masu kallo suka saba da koriyar ciyawar filin Augusta National da ke jihar Jojiya a Amurka, suka kuma fara neman irinta a garuruwansu. Hakan na tilasta haƙa tafkuna da shimfiɗa bututun ban ruwa a faɗin fili.

Ta biyu ita ce saurin gangarar ƙwallo a kewayen rami. A 1960 hukumar golf ta Amurka, USGA, ta fitar da tsarin gina wannan wuri: magudanan ruwa a ƙasa, tsakuwa a kansu, sannan zaɓaɓɓen yashi a sama. Sau da yawa daga nesa ake sayo yashin. Bayan da na'urar auna sauri ta Stimpmeter ta yaɗu a ƙarshen shekarun 1970, kulob-kulob suka shiga gasar gajarta ciyawa, wadda ke buƙatar injuna na musamman da ƙarin ma'aikata.

Ta uku ita ce tsawo. Sanduna da ƙwallayen zamani suna cilla ƙwallo da nisa, don haka filayen manyan gasanni ke wuce yadi 7,000, abin da ke nufin ƙarin ƙasar da za a saya, a gyara, a shayar. Wannan ya sa USGA da takwararta R&A suka sanar a Disamban 2023 cewa za su sauya ƙa'idar gwajin ƙwallo domin rage nisanta.

Wasu filaye sun fara ja da baya. A gyaran da aka kammala a 2011, filin Pinehurst na 2 ya cire ciyawa mai yawa, ya maido da yashi da tsirrai na asali, ruwan da yake sha ya ragu sosai. Inda ba a yi haka ba, tsadar kan koma kan kuɗin rajista, wanda ke hana masu ƙaramin ƙarfi shiga wasan.