Nikolai Vavilov: Ya Tara wa Duniya Iri, Yunwa Ta Kashe Shi

A wannan karon na ɗan jingine ƙagaggen labari, domin in kawo mana tarihin wani mutumin ƙasar Rasha, wanda tun ranar da na karanta labarinsa ya tsaya mini a rai. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san damin nan da ake warewa ranar girbi a ajiye can ƙuryar rumbu, wanda ko tukunya ta kwana biyu ba ta hau murhu ba, maigida ba zai yarda a sussuke shi ba. Wannan shi ne iri. To, Nikolai Ivanovich Vavilov a kan iri ya ƙarar da rayuwarsa kacokan.

Tasowarsa da Karatunsa

An haife shi a birnin Mosko ranar 25 ga Nuwamba, 1887. Mahaifinsa attajiri ne da ya so ɗansa ya gaje shi a kasuwanci, amma a 1906 yaron ya shiga Kwalejin Aikin Gona ta Mosko. A 1913 ya tafi Ingila, ya ƙaro ilimi a wajen William Bateson, ɗaya daga cikin jagororin kimiyyar gado, wato nazarin yadda ɗa ke ɗauko siffofin iyayensa, mutum ne ko dabba ko tsiro.

A 1916 aka tura shi arewacin Farisa, inda sojojin Rasha ke ta fama da jiri da maye da zarar sun ci burodi. Da ya bincika sai ya gano cewa ’ya’yan wata ciyawa mai dafi ce, wadda ke tsirowa a cikin alkama, ake haɗawa a niƙa. Shekara guda bayan haka ya zama farfesa a birnin Saratov. A can ne, a 1920, ya gabatar da ƙa’idar da ta fito da sunansa: tsirran da suke dangin juna sukan yi kamanceceniya wajen bambance-bambancensu, ta yadda in ka ga wata siffa a alkama, to ka neme ta a sha’ir. A 1921 aka ba shi shugabancin cibiyar nazarin tsirrai ta Petrograd, birnin da aka sauya wa suna zuwa Leningrad a 1924.

Yawon Neman Iri

A shekarar da ya karɓi wannan kujera, fari ya afka wa yankin kogin Volga, yunwa ta kashe miliyoyin mutane. Tunanin Vavilov shi ne, irin da zai jure wa fari da sanyi da cuta yana nan a gonakin talakawa, musamman a wuraren da ɗan’adam ya fara noma kowane amfani, domin a can ne za ka tarar da launinsa iri-iri. Don haka sai ya ɗauki jaka. Ya ratsa Afganistan a kan doki a 1924. Tsakanin 1926 da 1927 ya zaga Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Siriya da Falasɗinu, ya gangara Habasha, inda ya gana da Ras Tafari, wanda daga baya ya zama Sarki Haile Selassie, sannan ya shiga duwatsu da ayarin alfadarai. Ya je Sin da Japan, ya je Meziko mahaifar masara, ya hau tsaunukan Andes mahaifar dankalin Turawa. Kafin 1940 shi da abokan aikinsa sun tara samfurin iri fiye da 200,000, taskar da babu kamarta a duniya a lokacin.

Daga wannan yawo ya fitar da taswirar cibiyoyin asalin amfanin gona, waɗanda ya kai su takwas. Nan ne labarin ya ɗan taɓo mu. Vavilov bai taɓa taka Afirka ta Yamma ba, shi ya sa ya jingina gero da wake ga Habasha. Masanan da suka biyo bayansa, irin su Roland Portères da Jack Harlan, su ne suka fito da matsayin yankinmu, kuma a yau an tabbatar da cewa a Sahel ta yamma aka fara noman gero. Abin sha’awa, hanyar binciken da ya shimfiɗa ita aka bi aka gyara masa kuskurensa.

Ɗan Hakin da Ka Raina

Ana cikin haka sai ga wani matashi mai suna Trofim Lysenko, ɗan manoma daga Yukren, wanda shi kansa Vavilov ya yaba wa aikinsa da farko. Lysenko ya yi da’awar cewa in aka jiƙa iri aka sanyaya shi, halinsa zai sauya, kuma ’ya’yansa za su gaji sauyin. Ya ce kimiyyar gado shirmen ’yan jari-hujja ce. Bayan yunwar 1932 zuwa 1933, wadda tilasta wa manoma shiga gonakin gwamnati ya haddasa, Stalin na neman mai yi masa alkawarin yabanya cikin gaggawa, yana kuma neman wanda zai ɗora wa laifi. Lysenko ya yi alkawarin. Vavilov kuwa ya tsaya a kan cewa samar da sabon iri aikin shekaru ne masu yawa. A 1935 aka sauke shi daga shugabancin Majalisar Kimiyyar Aikin Gona, a 1938 Lysenko ya haye kujerar.

Ranar 6 ga Agusta, 1940, yana tsaka da tsintar tsirrai a yammacin Yukren, ’yan sandan ciki suka ɗauke shi. An titsiye shi kusan sau 400, galibi da dare, bisa zargin leƙen asiri da zagon ƙasa. A watan Yulin 1941 aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 20. An kai shi kurkukun Saratov, garin da ya zama farfesa. Allah Sarki! Matarsa, Elena Barulina, yaƙi ya koro ta wannan garin ita da ɗansu, ba ta san mijinta na nan kusa ba. Ya rasu ranar 26 ga Janairu, 1943, yana da shekara 55. Yunwa ce ajalinsa.

Masu Gadin Rumbu

Mai karatu, ga wurin da ya fi taɓa mini zuciya. Yayin da Vavilov ke kurkuku, sojojin Jamus sun yi wa Leningrad ƙawanya daga Satumban 1941 har Janairun 1944, kwana 872. A ƙarshen 1941 rabon burodin mafi yawan mutanen gari ya faɗi zuwa giram 125 a rana. A tsakiyar wannan birni kuma ga ginin cibiyar Vavilov, maƙare da shinkafa da alkama da gyaɗa da dankali. Ma’aikatan da suka rage suka yi ta gadin wurin dare da rana, suna fama da ɓeraye da sanyi da ɓarayi. Alexander Shchukin, masanin gyaɗa, a kan teburinsa ya cika. Dmitri Ivanov, mai kula da shinkafa, ya mutu da yunwa alhali ga dubban ƙunshin shinkafa a hannunsa. Haka wasu abokan aikinsu da dama suka bi su, ba su taɓa irin ba.

Na sha tambayar kaina, da ni ne zan iya? Su dai sun san cewa kowane ƙunshi daga wata gona ya fito a Habasha ko Afganistan, kuma in aka dafa shi, ƙila shi ke nan har abada.

Kammalawa

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1955 hukumar Sobiyet ta wanke Vavilov daga duk zargin da aka yi masa, a 1965 aka tuɓe Lysenko daga shugabancin cibiyarsa, a 1967 kuma aka sanya wa cibiyar Leningrad sunan Vavilov. Tana nan har yau a birnin, wanda yanzu ake kira St. Petersburg. Taskokin iri da aka gina a duniya bayan nan, har da babban rumbun Svalbard na ƙasar Norway da aka buɗe a 2008, duk sawunsa suka bi.

Saboda haka, in ka je ƙauye ka tarar da dattijo ya riƙe ƙaura ko farfara ko maiwar da ya gada daga kakanninsa, ya ƙi rabuwa da ita duk da sabon irin da aka kawo, kada ka yi saurin kiran sa bagidaje. Tambaye shi abin da ya sani game da ita, ka rubuta. Irinsa Vavilov ya bi duniya yana nema.

Allah Ya kare mu daga yunwa, Ya ba mu ikon riƙon amana. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.