Baba ta Karo da Takardar Tambayoyi

Duk wanda ya zauna ajin ilimin zamantakewar al'umma a jami'o'inmu ya san darasin nan na hanyoyin tattara bayanai. Malam zai jero su a allo: takardar tambayoyi, hira, zama cikin jama'a ana lura, binciken tsofaffin takardu. Amma da lokacin aikin kammala digiri ya zo, kusan kowa takardar tambayoyi yake runguma, a buga ɗari biyu, a raba, a tattaro, a fitar da kashi kaza cikin ɗari. Ni kuwa ina ganin da za a fara wannan darasi da tarihin yadda aka yi bincike a ƙasar Hausa kanta, da ɗalibai ba su yi wa takardar nan riƙon da suke yi mata ba.

A shekarar 1949 wani ɗalibi ɗan asalin Jamaika, M. G. Smith, ya zo ƙasar Zazzau daga Landan don nazarin tattalin arziki da sarautar Hausawa. Ya zauna da magidanta yana lissafin abin da suke nomawa da abin da suke kashewa, aikin da ya fito a littafi a 1955, daga baya kuma ya rubuta Government in Zazzau a 1960. To amma akwai inda ƙafarsa ba ta isa ba. Namiji baƙo iyakarsa zaure, sai ya yi sallama a fito masa da tabarma. Rabin al'ummar da ya zo nazari suna can cikin gida, a kulle.

Matarsa Mary, wadda ta koyi Hausa, ita ta shiga. A Giwa ta haɗu da wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo ta ƙasar Kano, wadda aka haifa wajen 1877. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 suka riƙa zama, Baba na ba da labarin rayuwarta, Mary na rubutawa da Hausa yadda ya fito daga bakinta. Abin da ya fito ya wuce duk abin da aka yi tsammani: harin masu kamen bayi, zaman rinji, zuwan Turawa, ƙawance, bori, kishi, aurenta huɗu, rashin haihuwa da riƙon 'ya'yan wasu. Baba ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo kuwa sai 1954 ya fito, ba ta gan shi ba, Allah ya jiƙanta.

Mai karatu ya tsaya ya yi tunani, wace takardar tambayoyi ce za ta iya fito da wannan? Takarda tana tambayar abin da mai ita ya riga ya san akwai shi ne kawai. Wanda bai taɓa jin labarin ƙawa ko ƙanwar rana ba, ba zai buɗe musu gurbi ba. Shi ya sa nake cewa a wannan aiki Baba ce malamar, Mary ɗaliba ce mai haƙurin saurare. Sai dai kada a ɗauka hira ita kaɗai ta wadatar. Baba mutum ɗaya ce, 'yar gidan masu bayi, daga can take hangen duniya, bawan da ke rinjin da wani labarin zai bayar. Abin da ya ƙara wa maganarta nauyi shi ne an auna ta da abin da mijin Mary ya tattaro a zaure da fada.

Ta biyun da nake so ɗalibai su sani ita ce Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta zauna a Batagarawa, kudu da birnin Katsina, a 1967. Ita ba ta gudun lissafi ko kaɗan, gida-gida ta ƙidaya, gona-gona. Amma ba ta tsaya a kan abin da kowane magidanci ya faɗa game da kansa ba, sai ta nemi mutanen garin da suka san kowa su taya ta rarraba gidaje gwargwadon ƙarfinsu. Nan ta nuna cewa maganar da masana ke yi ta wai manoman karkara duk ɗaya suke ba gaskiya ba ce: akwai mai rumbun da ke kai shi wata kaka, akwai wanda tun tsakiyar damina ya koma ƙwadago a gonar maƙwabcinsa. Ita ce kuma ta rubuta a 1969 a kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin ɗakunansu, hatsi da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, yara na kai-komo da talla. Wanda ya je kasuwa ya ƙirga masu rumfa, wannan ciniki duk ya wuce shi. Shi ma Abner Cohen zama ya yi da Hausawan Sabo a Ibadan a 1962 da 1963 kafin ya gane yadda amana tsakanin fatake da masu masauki ke riƙe da cinikin shanu da goro.

Akwai kuma abin da ko Bahaushen ɗalibi kan manta idan ya riƙe takarda. Ka tambayi uwa 'ya'yanta nawa, kunya ta hana ta ambaton ɗan fari, wata ma ba ta son a ƙirga mata 'ya'ya sam. Ka tambayi dattijuwa sunan mijinta, ta kau da kai. Ka tambayi tsoho shekarunsa, ya ce maka lokacin zuwan Sarauniya yana saurayi, kai ne za ka san 1956 yake nufi. Uwa-uba, ƙidaya a ƙasar nan ta daɗe tana tafe da haraji da jangali, har sai da gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna a 1979. Mutumin da kakansa ya ɓoye shanu a daji saboda mai rubutu, ba zai faɗa wa yaro mai biro yawan buhunansa a zaman farko ba.

Ba wai ina cewa a jefar da takardar tambayoyi ba ne, tana da ranarta, musamman idan ana son sanin yawan abu a gari guda. Abin da nake ƙi shi ne a fara da ita. Da ni ke tsara darasin, kafin ɗalibi ya rubuta tambaya ko ɗaya sai ya karanta Baba of Karo, sannan ya je ya zauna da wata tsohuwa a danginsu sau uku ko huɗu, ya rubuto abin da ta ce da Hausarta, kada ya gyara. Ɗalibai mata nan suka fi mu dama, don su babu zauren da zai tsayar da su. Abin takaici shi ne tsofaffin da suka ga zamanin En'e da idonsu kullum raguwa suke yi, ga waya mai ɗaukar murya a aljihun kowane ɗalibi, abin da Mary Smith ba ta da shi sai alƙalami da littafin rubutu.