Daga Kuloko Zuwa Hodar Kanti

Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Zariya a kafa Sabon Gari, ƙarfe ya daɗe yana gogar jikin Bazazzagi. Baduku yakan tara kashin maƙera da guntayen ƙarfe, ya jiƙa su a tukunya har su tsumu, ya sami kuloko. Da zarar ya ja shi a kan fatar da majema suka jeme da bagaruwa, sai layin ya rine baƙi ƙirin. Ja kuwa daga karan dafi ake samunsa. Da haka aka ƙawata kube da titimi da takalma da layar da ke rataye a wuyan yaro dare da rana. Irin wannan fata ce ta ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko.

Daga baya jima ta sake salo. A 1884 Augustus Schultz ya yi rajistar jima da gishirin kurom a Amurka, abin da ya rage kwanakin aiki ƙwarai, kuma yau da shi ake jeme mafi yawan fatar duniya. A Samaru, cibiyar NILEST, wadda ta samo asali a 1964, tana koyar da kimiyyar wannan sana'a. Sai dai kurom yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a ƙafa, har Tarayyar Turai ta ƙayyade nau'insa mai cutarwa a kayan fata daga 2015.

Shi ma ƙarfen da ke cikin kuloko bai tafi ba. Yana cikin hoda da jan-baki da gazal da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, a rubuce da lamba: CI 77491 ja, 77492 rawaya, 77499 baƙi. Wasu jikinsu ba ya karɓarsa, amma ba su da yawa. Sau da dama nikel ne mai laifin, wanda ke ɓoye cikin launin, ko cikin ɗan kunne da bayan agogo da kan bel.

Abin takaici, mace sai ta yi ta shafa man bilicin a kan ƙurajen alhali musabbabin yana cikin jakarta. Duk wadda fuskarta ke kumbura bayan kwalliya ta ajiye kayan, ta duba lambobin, ta kai su ga likitan fata a asibitin Shika.