Wa Zai Ce Albarka?

Bahaushe ba ya cewa a'a a wurin ciniki. In ka taya masa kaya bai gamsu ba, sai ya ce "albarka", kai kuma ka san ko ka ƙara ko ka wuce. In tayin ya yi masa, ya ce "na sallama". Tsakanin waɗannan kalmomi biyu dillali yake cin abinci: ya lallashi wannan ya ƙara, ya lallaɓa wancan ya sassauta, har albarka ta koma sallama.

To akwai cinikin da ake rufe wa mai kaya baki, shi ne na gidan da bashi ya ci. Mai shi yana ciki da iyalinsa, yana jin ana taya gidan a ƙofa, amma albarka ba tasa ba ce, sallama ma ba tasa ba ce. Dillalan gidaje na Kakau da Gonin Gora da Sabon Tasha sun san irin wannan aiki, kuma ba kowannensu ke murna ba in ya faɗo hannunsa.

Kakau tana kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, a ƙaramar hukumar Chikun, ƙasar Gbagyi ce tun asali. Bayan rikicin 2000 da na 2002, lokacin da Kaduna ta rabu kusan gida biyu a kan kogi, jama'a suka kwararo kudu, gonaki suka koma fegi. Fegi kuwa turken nan ne na Ingilishi, peg, da mai awo ke kafawa a kusurwa, sai sunan turke ya cinye filin baki ɗaya. Yau Bajju da Atyap da Ibo da Yarbawa da Gbagyi duk da Hausa suke ciniki a can, saboda haka kalmomin nan kowa ya ci gadonsu.

Mu fara da mai aikin. Dillali daga Larabci yake, dallal, daga tushen da ke nufin nuna hanya. Ɗan uwansa na jini shi ne dalili. Dillali mai nuni ne, yana nuna wa mai kuɗi inda kaya suke, ya nuna wa mai kaya inda kuɗi suke. Ba na mai saye ba ne, ba na mai sayarwa ba ne, na ciniki ne.

Ejan daban yake, ko da yake a bakin titi ana musanya su kamar abu ɗaya. Ejan wakili ne, yana da mai gida, kuma abin da aka aike shi yake yi. Ranar da lauyan banki ko mai bin bashi ya kira dillali ya ce ga gida a nemo masa mai saye, a ranar dillali ya sauka daga tsakiya ya koma gefe guda. Sunansa bai canja ba, kujerarsa ce ta canja. Mutanen unguwa kuwa, da kujera suke hukunci.

Ladansa ma suna biyu gare shi. La'ada Larabci ce, al-ada, abin da aka saba. Kalmar ta shigo Hausa sau biyu ta ƙofa biyu: ta shiga zaure ta zama al'ada, ta shiga kasuwa ta zama la'ada. Ba farashi ba ce da ake tsayawa ja-in-ja a kai, abin da kowa ya san ana bayarwa ne, galibi kashi 10 cikin 100 a haya, kashi 5 a sayarwa. Kamasho kuma ta Turawa ce, a tasha ta sauka, har ta haifi ɗan kamasho. La'ada da addu'a ake miƙa ta, "Allah ya sa albarka". A gidan da aka sayar bisa dole, wa zai yi wannan addu'ar? Banki ba ya yi, mai gida ba zai yi ba. Abin da ya rage kamasho ne tsura.

Sai abin da ya kawo gidan kasuwa. Hausa ta raba aro da rance: aro shi kansa abin ake mayarwa, rance madadinsa. Duka biyun in sun kwana sun zama bashi, wanda aka ce hanji ne, yana cikin kowa. Lamuni, da jaridu ke amfani da ita in za su ambaci bankin lamunin gidaje na tarayya, asalinta tsaya wa wani ne, daga daman ta Larabci. Harafin nan mai nauyi, dad, Bahaushe "l" yake mayar da shi: haka ƙadi ya zama alƙali, darura ta zama larura, wudu'u ya zama alwala, damir ya zama lamiri. Lamuni da larura da alƙali da lamiri: da waɗannan huɗu kaɗai ana iya ba da labarin gidan daga farko har ƙarshe.

Jingina kuwa tamu ce gaba da baya. Ka jingina sanda a bango, ka jingina keke a gindin mangwaro. Abin da aka jingina ba a yar da shi ba, an ajiye ne za a dawo a ɗauka. Jinginar gona a karkara haka take: ka karɓi kuɗi, mai kuɗi ya riƙa noma gonar, duk shekarar da ka samu ka kawo ka karɓi abarka, ko ɗanka ya kawo.

Turawa suna kiran nasu mortgage, daga tsohon Faransanci, ma'anarta matacciyar jingina. Lauyoyin Ingila na ƙarni na 12 sun ce matacciya ce don mai bin bashi yana cin amfanin ƙasar, bashin kuma ba ya raguwa, saɓanin rayayyar jingina wadda amfaninta ke biyan bashin. Wato dai jinginar gonarmu ce sak. A ƙarni na 17 wani lauyansu, Edward Coke, ya ba da wani bayani: in an biya, jinginar ta mutu ga mai bin bashi, in ba a biya ba, ƙasar ta mutu ga mai ita. Kowanne ka ɗauka akwai gawa a ciki. Mu mun ga sanda a jikin bango, su sun ga makara.

Matakin ƙarshe shi suke kira foreclosure, daga kalmomi biyu na tsohon Faransanci, waje da rufewa: a rufe ƙofa kana waje. Ba ƙofar gida ake nufi ba tun farko, ƙofar fansa ce, damar da mai jingina ke da ita ta kawo kuɗi ko bayan wa'adi ya karɓi kayansa. Abin sha'awa, malaman fiƙihu sun riga sun ga wannan ƙofa. A Muwaɗɗa akwai babin da ya hana abin da ake kira galaƙur rahni, kulle jingina, kuma Imamu Malik ya bayyana shi da cewa mutum ya ce wa mai binsa bashi, in ban biya ba ranar kaza kayan sun zama naka. Wannan sharaɗi ɓatacce ne. Sai dai a sayar, mai bashi ya ɗauki nasa, rara ta koma ga mai kaya. Larabci da Faransanci, ba tare da sun yi shawara ba, duka kulle ƙofa suka gani.

Hausa ba ta da kalma guda ta wannan. Muna cewa an ƙwace, an karɓe, bashi ya ci, jingina ta nutse. Rashin ba na harshe ba ne, na abin ne. Yawancin gidajen Kakau ba da lamunin banki aka gina su ba, bulo bayan bulo ne, albashi bayan albashi, ɗaki biyu a rufa a shiga, sauran sai Allah ya hore. Da yawa ba su da takardar mallaka irin wadda banki ke karɓa, wadda hukumar filaye ta jihar, KADGIS, ke bayarwa. Dokar filaye ta 1978 ma ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma mai irin wannan takarda ba ya jinginar da ita sai da amincewarsa. A 2017 jihar Kaduna ta yi dokarta ta jinginar gidaje da karɓe su, don masu ba da lamuni su daina tsoron shari'ar da ba ta ƙarewa. Amma gidan da ke faɗowa hannun dillali a nan ya fi zama wanda aka ajiye takardunsa don jarin kasuwa, ko kuɗin asibiti, ko kuɗin ruwa daga wani attajiri.

Ko kuma don fansa. Wannan kalma ta yi tafiya mai nisa. A da bawa yana fansar kansa. Mai jingina yana fansar gonarsa. A majami'un kudancin Kaduna da ke ibada da Hausa, Mai Fansa sunan Almasihu ne. Sai ga 2021: a watan Afrilu aka kwashi ɗaliban jami'ar Greenfield a kan wannan hanya ta Abuja, ranar Lahadi 31 ga Oktoba aka shiga majami'ar Baptist ta Emmanuel a Kakau Daji aka tafi da masu ibada fiye da 60. Kuɗin fansa ya zama maganar yau da kullum, iyalai suka sayar da abin da suka mallaka. Wanda ya jinginar da gida don fansar ɗansa, da me zai fanshi gidan? Dillalin da aka turo ya nuna irin wannan gida ya san amsar tun kafin ya yi sallama.

Ita sallamar ma sai an tsaya a kanta. Da ita ake neman izinin shiga, da ita ake yarda da ciniki, da ita ake korar ma'aikaci: an sallame shi. Dillali na tsaye a ƙofa yana yin ta farko, a madadin wanda zai yi ta biyu, ga mutumin da za a yi wa ta uku. Matar gida ta amsa, domin ba a ƙin amsa sallama. Ta ɗaga labule, baƙo ya leƙa ɗakin kwananta yana ƙirga tayil, yana tambaya ko rijiyar tana ƙafewa da rani. Yara suna gaida dillali da "sannu Baba", domin wataƙila shi ya samo wa ubansu fegin tun wurin yana gonar doya.

Nan ne aikin yake ci wa mutum rai. Tsohon dillanci sana'ar rufin asiri ce. Dubi dillaliya: mace ta matsu, ta ba ta zane ko 'yan kunne a ƙunshe, ta kai wata unguwa ta sayar, ba wanda ya san daga ɗakin wa suka fito. Gida ba ya ƙunsuwa. In an rubuta a jikin katanga da jan fenti, ko an manna takardar kotu, duk layin ya karanta. Mai nuni ya koma mai tono.

In abin ya kai ga gwanjo kuwa, tonon har da shela. Kalmar daga Yarbanci take, gbanjo. Bakin Bahaushe ba ya iya "gb", sai ya mai da shi "gw", kamar yadda Gbari ya zama Gwari, sunan da masu ƙasar Kakau suka fi son a bari a kira su Gbagyi. Turawa sun samo auction daga kalmar Latin mai nufin ƙari, don farashi hawa yake yi. A wurinmu gwanjo sauka yake nufi: tufafin da wani ya sa ya cire, irin waɗanda Kasuwar Barci ta yi suna da su. A ce an yi gwanjon gidanka, ba kuɗin kawai aka karya ba.

Masu saye suna da nasu yaren. A tallan gidaje ana rubuta distress, kalmar da ke nufin baƙin ciki, a tsohuwar dokar Ingila kuma take nufin kama kayan wanda ake bi bashi. Dillali yakan fassara ta da "mai shi a matse yake", kuma fassarar ta yi daidai, don tushen kalmar matsa da ɗaurewa ne. Mai kuɗi na jin haka sai ya gyara zama. Wannan jumla ita ke sa ciniki ya faɗa da wuri, ita ce kuma ke zaftare kuɗin da zai rage wa mai gida bayan an biya bashi. Dillali ya san duka biyun lokacin da take fita daga bakinsa.

Akwai tagwaye na ƙarshe, su suka fi nauyi. Al-haƙƙ ta Larabci ita ma sau biyu ta shigo. Da ta ajiye "al" ta zama haƙƙi, abin da yake naka. Da ta riƙe ta zama alhaki, abin wani da ke wuyanka. Mai bin bashi haƙƙinsa yake nema, kuma gaskiyarsa ce: kuɗin banki na masu ajiya ne, in ba a karɓo ba gobe ba mai samun rance. Amma an ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. To wane ne mai shi a nan? Banki gini ne a tsakiyar gari, ma'aikacin da ya sa hannu an yi masa canjin wurin aiki, lauya takarda ya aiko, ma'aikatan kotu sun zo sun tafi. Wanda ya rage a unguwa, wanda za a haɗu da shi a wurin jana'iza da wurin biki da layin mai shayi, dillali ne. In an yi "Allah ya isa", fuskarsa ake gani. A ganina ba shi ne mai kwikwiyon ba, amma ƙofarsa ce ta fi kusa.

Shi ya sa dillalin da ya san hannunsa yake ƙoƙarin riga takarda isowa. Ya samu mai gida a keɓe, bayan magariba, ya ce masa, "Yallaɓai, tun ba a zo ba, mu nemi mai saye da kanmu." Ya je wurin mai bin bashi ya roƙi wata biyu ko uku. A kawo mai saye a matsayin baƙo, ba fenti, ba shela. Mai gida ya zauna a kan kujerarsa, a taya, ya ce albarka sau ɗaya ko sau biyu, ko da kowa a ɗakin ya san ba shi da inda zai je, sannan ya sallama da bakinsa. A biya bashi, a karɓo takardu, abin da ya saura ya kama haya da shi a Romi ko Maraban Rido.

Nahawu ma yana da abin cewa a kan wannan. Hausa tana da lamirin da ba ya nuna kowa, "an". An sayar da gidansa: wannan labarin kotu ne, da bashi, da kunya, kuma zai bi 'ya'yansa mata har ranar da aka zo neman aurensu. Ya sayar da gidansa: wannan mutum ne da ya yi ciniki, kamar yadda kowa ke yi. Gidan ɗaya ne, ya kuma tafi a duka biyun, kuɗin ma sau da yawa ba su kai darajarsa ba. Amma a na biyun ana kiran shaidu, mai unguwa ya sa hannu, a yi addu'a, kuma kuɗin da aka miƙa wa dillali a ƙarshe la'ada ake kiran su.